Tsohon Keke A Zaure: Ƙauna Ce Ko Son Duniya?

Ɗan gwangwan ba ya tambayar tarihi. Idan ya shigo unguwa da kurarsa da ɗan sikelinsa mai ƙugiya, nauyi kawai yake nema. Tsohon keke Raleigh, irin baƙin nan mai birkin sanda da gidan sarƙa, yakan kai wajen kilo 20, kuma a kan wannan lissafin ake ciniki. Shi ya sa sau da yawa cinikin yakan watse tun a ƙofar zaure. Yara sun jawo keken daga lungun da ya yi shekaru a jingine, ɗan gwangwan ya rataya shi ya faɗi farashi, sai ga maigida ya fito yana faɗa, a mayar masa da abinsa inda aka ɗauko. Tayoyin sun ruɓe, sirdin ya tsage, rabon da a hau shi tun yaran ba su zo duniya ba. Amma ko an ninka kuɗin sau goma ba zai sayar ba.

Yaran za su ce rigimar tsufa ce. Wani ɗan'uwa mai ɗan karatu zai ce abin ya fi haka muni, son duniya ne, tunda likkafani ba shi da aljihu, kuma mai shirin tafiya lahira bai kamata ya ɗaure zuciyarsa a jikin ƙarfe mai tsatsa ba. Maganar tana da ƙarfi, ba a ture ta da dariya. To amma kafin a yanke wa dattijon hukunci, ya kamata a san abin da keke yake a idon mutanen zamaninsa.

A shekarar 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai tayoyi biyu kusan daidai da juna, wanda sarƙa ke juya ta baya, a garin Coventry na Ingila. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. A daidai wannan lokacin wani ƙaramin shagon kekuna a titin Raleigh da ke Nottingham ya koma hannun Frank Bowden, ya zama kamfanin da daga baya tambarinsa mai kan zalɓe ya zagaye duniya. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsa, har ta kai an kafa masana'antar Raleigh a Kano. Akwai wata tallarsa da ta yi fice a Afirka, wadda aka zana wani mutum a kan keke yana dariya, zaki na bin sa a guje bai cim masa ba. Daga baya Phoenix ya zo daga Shanghai, Hero ya zo daga Indiya, suka fi arha, amma a bakin dattawa har gobe Rale ne keke.

A zamanin dalar gyaɗa, manomin da kakarsa ta yi kyau abu uku yake hange: keke, rediyo da agogo. Malamin makaranta da keke yake zuwa aji, malamin gona da shi yake zagaya ƙauyuka, masinjan En'e da shi yake kai takarda, ɗan koli kuwa a bayansa yake ɗaure akwatin hajarsa ya ci kasuwar yau a nan, ta gobe a can. A lokacin keke yana da lasin, da 'yar lambarsa da ake maƙalawa. Wanda ya sayi sabo yakan bar takardar da aka naɗe ƙarfen da ita daga kamfani har sai ta gaji ta faɗi da kanta. Wani ya naɗe shi da roba mai launi, ya sa masa madubi biyu da ƙararrawa da fitila mai dainamo. Ranar Juma'a a goge shi da tsumma da ɗan mai. Yaron da ubansa ba shi da keke, shi ma yana da hanyarsa: ya tara kwabbai ya je wurin mai hayar keke, ya koya da ƙafa ta cikin ƙarfe tun bai isa zama a sirdi ba, ya dawo da gwiwa a goge.

Saboda haka keken da ke jingine a zaure shaida ne na shekarar da mutum ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A kansa aka je zance, a kansa aka ɗauko ungozoma da tsakar dare, a kariyarsa aka kai ɗan fari makaranta.

Sai zamani ya juya. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, babura irin su Honda da Suzuki da Vespa suka cika titi, kamfanin Peugeot ya buɗe a Kaduna a 1975. Bayan shekaru kuma baburan China masu arha suka ƙarasa aikin. Keke ya koma abin hawan wanda bai samu ba. Ita kanta masana'antar Nottingham ta daina ƙera keke a 2002.

A wasu ƙasashe wannan faɗuwar darajar ce ta haifar da masu tarawa. A Ingila akwai ƙungiyar masu tsofaffin kekuna tun 1955. A garin Gaiole da ke yankin Chianti na Italiya, Giancarlo Brocci ya fara wani hawa a 1997 da mahaya 92, ana ce masa L'Eroica. Sharaɗinsa shi ne a zo da keken tsere irin na da, ƙirar 1987 ko kafin nan, a bi fararen hanyoyin burji na karkara, waɗanda masu shirya hawan ba sa so a shafe su da kwalta. Yanzu dubban mutane ke zuwa kowace shekara. A Indonesiya kuwa, ƙasar da Musulminta suka haura miliyan 200, ƙungiyoyin masu keken onthel, wato irin wanda Turawan Holan suka bari kamar Gazelle da Fongers, sun bazu a birane. Sukan fito a jere da tufafin zamanin da, kuma a tsohon birnin Jakarta ana ba baƙi hayar irin waɗannan kekuna su zagaya fili.

Bahaushe ba shi da irin wannan ƙungiya a al'adarsa, amma kada a ce bai san tara kaya ba. A shiga ɗakin tsohuwa a ga jere: ƙore da tasoshi da langa-langa da kwalla, an ɗora su bisa juna har kusan rufi, yawancinsu ba a taɓa zuba musu abinci ba. Tana iya faɗin wadda uwarta ta ba ta, da wadda aka saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, da wadda ta zo a gudummawar biki. Wanda ya yi wa mijinta dariya a kan keke, sai ya gwada taɓa mata kwalla ɗaya ya ji.

To me addini ya ce? Masu suka suna da hujjoji a hannu. Suratut Takasur ta yi gargaɗi a kan yadda gasar tarawa ke shagaltar da mutum har ya isa kabari. Suratul Humaza ta zargi mai tara dukiya yana ta ƙirga ta, yana zaton za ta dawwamar da shi. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya lissafa shimfiɗar maigida da ta iyalinsa da ta baƙo, ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan, kuma malamai sun fassara shi da abin da ya wuce buƙata aka ajiye don alfahari. Littattafan zuhudu da waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi cike suke da wannan jan kunne. Al'adar Hausa ma ta bi wannan hanyar: idan mutum ya rasu, ba a cika barin tufafinsa su daɗe a adaka ba. Ana raba su, wasu a bayar sadaka, don ladan ya isa gare shi, don kuma masu rai su samu sauƙin dangana.

Sai dai littattafan da aka ciro waɗannan hujjoji daga cikinsu suna ɗauke da wasu labarai da ba a cika kawowa a wannan muhawara ba.

Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, mutanen Makka suka riƙa aiko da fansar 'yan'uwansu da aka kama. Cikin kamammun akwai Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Nana Zainab 'yar Manzon Allah (S.A.W.), wadda a lokacin tana Makka. A cikin abin da ta aiko don fansar mijinta akwai wata sarƙar wuya da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin da aka kai ta ɗakin miji. Nana Khadija ta yi kusan shekara biyar da rasuwa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da Annabi ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai, idan sun yarda, su saki mata mijinta su kuma mayar mata da abinta. Suka yarda. Abin lura a nan shi ne, ba maganar neman tabarruki ake ba, domin wanda ake neman albarka a wurinsa shi ne ya ga sarƙar. Miji ne ya ga kayan matarsa da ta rasu, ya gane shi, zuciyarsa ta motsa, kuma wannan motsin ya zama sanadin sakin fursuna. Ba a ruwaito cewa ya ɗauki abin da ya ji a matsayin rauni da ya kamata a yi istigfari a kansa ba.

Labari na biyu yana cikin Sahihul Bukhari, a babin yaƙe-yaƙe, kuma ya fi kusa da rigimar zaure. Zubairu ɗan Awwam yana da takobi da ya halarci Badar da shi. Takobin ya koma hannun ɗansa Abdullahi, har aka kashe shi a Makka a shekara ta 73 bayan Hijira. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya tambayi Urwatu, ƙanen Abdullahi, ko zai iya gane takobin mahaifinsa. Urwatu ya ce zai gane, domin akwai wata giɓa a kaifinsa da ya samu ranar Badar. Halifa ya gaskata shi ya mayar masa. A kasuwar maƙera giɓa aibi ce da ke rage farashi. A wurin ɗa kuwa ita ce shaidar da ta raba takobin ubansa da sauran takubban duniya. Daga baya Hishamu ɗan Urwatu ya ce sun yi wa takobin kuɗi a tsakaninsu, dubu uku, wani daga cikinsu ya ɗauka, kuma shi ya so a ce shi ne ya ɗauka. Hishamu babban malamin hadisi ne, yana cikin malaman Imamu Malik, kuma bai ji kunyar faɗin wannan buri nasa ba.

Bukhari ya ware babi guda a kan sulken Annabi da sandarsa da takobinsa da ƙoƙonsa da zobensa, da yadda aka riƙe su bayansa. Anas ɗan Malik ya ajiye ƙoƙon shan ruwa wanda ya tsage aka ɗaure shi da azurfa. Sahlu ɗan Sa'adu yana da wani ƙoƙon, wanda Umar ɗan Abdul'aziz ya roƙe shi ya ba shi. Waɗannan suna da hukunci na musamman saboda mai su, kuma malamai irin su Shaɗibi sun yi bayanin cewa sahabbai ba su yi wa kayan wani irin wannan neman albarka ba bayan Annabi. Muhawarar tabarruki da kayan salihai tsohuwa ce, kuma a ƙasar Hausa kowa ya san ɓangarorinta. Amma sarƙar Khadija da takobin Zubairu sun tsaya a waje da wannan gardama. Sun nuna cewa tun ƙarnin farko Musulmi sun san abu yana iya ɗaukar tunawa, kuma ba su ga saɓani tsakanin wannan da gudun duniya ba. Zubairu kuwa attajiri ne na gaske, kuma yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna.

A nan ne tambayar ta koma ta falsafa. Me ake ajiyewa a zahiri? Duk wanda ya san keken da ya yi shekara 50 yana aiki ya san ba abin da ya rage a jikinsa daga kamfani sai ƙashin bayansa, wani lokaci ma shi ɗin an kai shi wurin mai walda. An canja taya ba adadi, an canja sarƙa da feda da boris, sirdin na uku ne, ƙararrawar ta wani keken ce. Girkawa sun yi wannan gardamar tun da daɗewa. Marubucinsu Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tesiyus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu: wasu na cewa jirgin nan ne dai, wasu na cewa wani ne daban. A ƙarni na 17 Thomas Hobbes ya ƙara wa wutar itace, ya ce to idan wani ya tsince tsofaffin katakan ya haɗa jirgi da su, wanne ne na gaskiya? Mai gyaran keke da ke tara tsofaffin kayan da ya cire a cikin buhu zai iya yi wa maigida wannan tambayar.

Maigida ba zai ruɗe ba. Zai nuna wanda ke zaurensa, domin shi ne wanda bai taɓa barin hannunsa ba. Haka ma Masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, an gina shi a wajen 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma ana ta yi masa yaɓe tun daga lokacin, amma ba Ba'agadashen da ke shakkar cewa masallacin kakanninsa ne. Abin da ya ɗore shi ne hannun da ke kula da shi da labarin da ake miƙawa. Idan haka ne, darajar tsohon keke tana zaune ne a cikin kan mutumin da ya san inda aka je da shi. Ƙarfen aikinsa tunatarwa. Wannan shi ya sa keken da ya fi zinariya a wurin uba yake iya zama tarkace a wurin jika, ba don jikan ba shi da kunya ba, sai don ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi labari.

Haɗarin da addini ya fi tsoro ma daga yankewar labarin yake tasowa. Ibnu Abbas, a ruwayar Bukhari, ya bayyana cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, gumakan da aka ambata a Suratu Nuhu, asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka rasu aka kafa alamu a wuraren zamansu don tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da wannan tsarar ta shuɗe, ilimin dalilin ya ɓace, sannan aka fara bauta. Kano tana da nata misalin. Tarihin sarakunanta ya ambaci Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu, aka riƙa yi masa yanka tsawon zamani, har Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka fasa shi. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Littafin da ya zo don rushe tsafi, da aka rufe shi aka daina karantawa, shi aka mayar abin tsafi. Don haka duk wanda ya fara jin cewa zoben kakansa ne ke tsare gidan, ko arzikinsa zai karye ranar da keken ya bar zaure, ya fita daga tunawa ya shiga wani wuri mai hatsari. Wanda kuwa ya kalli keken ya ce Allah ya jiƙan baba, keken ya yi masa aikin alheri.

Akwai kuma wurin da ƙauna ke cin haƙƙi, kuma a nan ne aka fi samun ɓaraka a gidajen Hausawa. Mutum ya rasu, babban ɗa ya ɗauke keken, ko agogon, ko alkyabbar, ko akwatin littattafai, ya ce ai wannan ba na rabo ba ne, abin tunawa ne. Shari'a ba ta san wannan keɓewar ba. Duk abin da mamaci ya bari, bayan an yi masa sutura an biya bashi an zartar da wasiyya, na magada ne gaba ɗaya, da matan da 'ya'ya mata da jaririn da ke goye. Ko shi mamacin ne ya yi wasiyyar a ba wani magaji, ba ta zartuwa sai da yardar sauran. Hanyar da zuriyar Zubairu suka bi ita ce mafita: a yi wa abin kuɗi, mai so ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya biya sauran, ko kuwa su yafe masa da bakinsu, ba don an yi musu kwarjini ba. Sau da yawa 'yar da aka aurar nesa ta fi kowa son ta riƙe carbin mahaifinta, amma ba wanda ya tambaye ta.

Ta fuskar zakka abin da sauƙi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda almajiran Risala suka sani, kayan da mutum ya ajiye don kansa ba a fitar musu da zakka, ko da kekuna goma ne. Hukuncin yana canjawa idan an saye su da niyyar kasuwanci. Mai shagon da ke juya haja yakan yi mata kuɗi duk shekara, shi kuwa mai ajiyewa yana jiran tsada sai ya sayar yake fitar da ta shekara guda. Don haka dillalin kayan tarihi a Kasuwar Kurmi da dattijon zaure ba hukuncinsu ɗaya ba, ko da kayan hannunsu iri ɗaya ne.

Ya kamata kuma mai ajiya ya riƙa tuhumar zuciyarsa, domin ba duk abin da take kira ƙauna ne ƙauna ba. A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'ar Cornell a Amurka. An raba wa rabin aji kofunan shayi, aka buɗe ciniki. Waɗanda aka ba kofin suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali kofin bai yi awa guda a hannunsu ba, ba kuma kakan kowa ya sha da shi ba. Kalmar "nawa ne" kaɗai ta isa ta kumbura farashi. Idan abin ya yi nisa yakan zama ciwo, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013. A 1947 an tarar da gawar wasu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, a gidansu da ke unguwar Harlem a New York. Tarkacen da aka kwashe daga gidan ya haura tan 100, har da tulin jaridu da kayan kiɗa da kekuna masu tsatsa. Langley tarkacen ne suka rufto masa. Mai kekuna bakwai a kulle, maƙwabcinsa na tafiya gona a ƙasa, ɗan ƙanensa na taka kilomita biyar zuwa makaranta, da wuya ya iya kare kansa da sarƙar Khadija.

Amma a faɗi gaskiya, ciwon gidan Collyer ba shi ne ke damun ƙasar Hausa ba. Ciwonta shi ne saurin zubarwa. Injin ɗinki Singer, akwatin garmaho, fitilar aci-bal-bal, dutsen guga na gawayi, tasoshin tagulla na jere, takardun ajami da gara ta fara ci, duk suna tafiya a kan sikeli ko a cikin shara, kuma da yawa ana yin haka ne da sunan wayewa ko da sunan tsoron Allah. Gidajen tarihi suna nan: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, gidan tarihin Kanta a Argungu, na Boubou Hama a Yamai wanda aka buɗe a 1959, Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna ya zauna, Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano, da kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi inda aka ajiye wasu daga kayansa. Fadoji kuma suna riƙe da nasu, irin Tagwayen Masu a Kano da takobi Gajere a Katsina. Ba wanda ke kiran wannan son duniya. Sai talaka ya riƙe abin da ya gada sannan ake tuna masa da likkafani, alhali tarihin yadda aka yi noma da fatauci da karatun boko a ƙarnin da ya wuce yana jikin kayansa ne fiye da na sarki.

Hukuncin dai bai da wuya. Ajiye tsohon keke halal ne, kuma yana iya zama alheri, muddin ba a jingina masa wani ƙarfi ba, ba a danne haƙƙin magaji ba, ba a kuma hana mabuƙaci abin da zai amfane shi ba. Wanda ke da irinsa a gida, ya kai shi wurin mai gyara a sa masa taya da sarƙa, a bar jikoki su hau, domin Raleigh ɗin da aka kula da shi yana iya ƙara wasu shekaru masu yawa a kan hanya. Kafin nan kuma a zauna da mai shi tun yana da rai, a tambaye shi shekarar da ya saya, da nawa, da kuɗin me, da inda ya je da shi, a rubuta da boko ko da ajami, ko a naɗi muryarsa a waya. Sannan a tara magada a yi maganar wanda zai riƙe shi tun kafin ranar rabon gado.